Baron da Ya Kwana a Baranda

Ramin ya fara daga bakin famfo, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya daidai inda mai haƙa shi ya gaji. Zurfinsa ya kai gwiwa. A wancan ƙetaren akwai bishiyar lemun tsami da kujerar Baba. A wannan ƙetaren kuma akwai Baba.

Tun da ƙafarsa ta hagu ta daina jin magana, ko tabarma Baba ba ya tsallakewa. Shi ya sa Yaya, babbar 'yarsa mai aikin jinya a wani gari, ta turo kuɗi a binne bututun ruwa zuwa lambu, a yi daɓe a kai wanda sanda za ta iya bi. Ta damƙa aikin a hannun Auta, ƙaninta, da ya gama sakandare yake zaman jiran sakamako. Ta ja masa kunne a waya, da muryar da take yi wa majinyata masu taurin kai: rabi kafin aiki, rabi bayan aiki.

Auta ya ba da duka.

A ganinsa ba wauta ya yi ba. Mai aikin da ya samo ya shigo da diga a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗebi ƙasar lambun ya shinshina, ya ce irin wannan ƙasa ko ƙusa aka shuka sai ta yi ganye. Ya ce siminti zai tashi, gara a saya yau. Ya yi ta haƙa har la'asar kamar wanda aka biyo. Da zai tafi, ya jingine baronsa a baranda.

"Ga barona nan, ƙanina. Mai gyaran lambu ba ya nisa da baronsa. Sai gobe da sassafe."

Daga baya Auta ya ji cewa sunan da unguwa ta laƙaba masa ke nan: Sai-Gobe.

A waya kam mutumin kirki ne, ba ya ƙin ɗauka. Gwaggonsa ta rasu. Ba a jima ba ta sake rasuwa. Sai babur ya buge shi, kuma yana cikin nishi Auta yana jiyo ƙarar shebur na shiga yashi ta bayansa.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne Baba. Yana zaune a baranda yana kallon lemo na faɗowa ɗai-ɗai a ƙetaren rami. Ranar nan ya ce a cika masa baron da ƙasar da aka tono. Ya warware wani ƙullin leda, ya yayyafa irin barkono, ya shafe da tafin hannu.

"Tunda ni ba zan je lambu ba, lambu ya zo."

Barkonon ya fara tsiro, Yaya ta bugo.

"Ƙarshen watan gobe ina tafe. Ya daɓen?"

"Ana kai."

"Ragowar rabin fa?"

"Yana nan."

Bai ji ya yi ƙarya sosai ba. Kuɗin yana nan a duniya, a wani wuri. Amma ya san Yaya. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta dube shi ne kawai, daga ranar kuma ko aiken sabulu ba zai sake samu ba. Kuma Baba zai ci gaba da kallon lemonsa daga nesa.

Mai sayar da siminti ne ya nuna masa hanya, yana dariya har da dukan kanta.

"Sai-Gobe? Bi tulin ƙasa, samari. Duk gidan da ka ga an tone aka bari, ta nan ya wuce."

Auta ya bi. A gida na farko an bar shebur. A na biyu tiyo, a nannaɗe da kyau. A na uku igiyar awo da cokalin gini. Duk mai gidan da ya tambaya amsa ɗaya yake ba shi, da fuskar mai lallashin kansa: ai kayansa na nan, zai dawo.

A wani gida mai shuɗin get ya same shi, a tsugune, yana shinshina ƙasa. Matar gidan na tsaye a kansa da tabarau a goshi, tana jin labarin ƙusa mai ganye.

Auta bai iya hayaniya ba. Baiwarsa ɗaya ce a duniya: zama shiru da ɗaurarriyar fuska. Ya yi sallama, ya jawo bulo, ya zauna.

"Wannan fa?" in ji matar.

Sai-Gobe ya waiwayo, ƙasar ta zube daga hannunsa. Amma bakinsa bai taɓa jiran kansa ba.

"Ƙanina ne, Hajiya! Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ma'ajinmu. Ni hannu, shi lissafi."

"Shi ya sa ba ya dariya," in ji Hajiya. "Na fi son haka."

Ta shiga ciki ta fito da ambulan. Sai-Gobe ya goge hannu a wando ya miƙa. Ta wuce hannun kamar ba ta gan shi ba, ta ajiye ambulan ɗin a cinyar Auta.

Yana da nauyi. Ya fi na Yaya nauyi. Get a buɗe yake, kuma Auta ya fi Sai-Gobe gudu. Sai dai ya kalli tsakar gidan Hajiya, lafiyayye, ba ko rami ɗaya, ya hango ta a ransa zaune tana gadin wani shebur. Sai ya yi magana mafi tsawo da ya yi a wannan watan.

"Hajiya, ƙa'idarmu ita ce kuɗi na wurina har ya gama. Siminti ni zan sayo. In bai gama ba, in dawo miki da abinki."

"Kai, Allah ya yi maka albarka! Ashe har yanzu akwai irinku."

Bayan ta shiga, Sai-Gobe ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai wane irin ɗan'uwa ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Haba ƙanina, mu yi maganar fahimta."

"Ka gama nata, in cire namu, ka ɗauki saura. Ko in zaga da ita ta ga shebur da tiyo."

Haka aka yi. Kullum da safe Auta ya zo ya hau bulonsa. Sai-Gobe gwani ne a farkon aiki, tsakiyarsa ce baƙuwa a wurinsa. Ya yi ciwon baya, Auta ya kawo man zafi. Ya ce ana nemansa a gida, Auta ya tambayi lafiyar gwaggo. Da ya ga babu mafita sai ya sunkuyar da kai ya yi ta yi, yana zagin yashi. Ranar da ya shafe daɓen ƙarshe, ya ja da baya ya tsaya riƙe da ƙugu, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka yake zama," ya ce, shi kaɗai.

Yaya ta iso da rana, da jaka a kowane hannu. Saura ƙiris ta faɗa ramin. Kafin ta buɗe baki Auta ya sa mata kuɗi a hannu. Ta jinjina su.

"Wannan ya fi rabi."

"Eh."

"Duka ka ba shi ke nan."

"Duka na karɓo. Ban da ladan rami."

Ta dube shi, irin kallon da yake tsoro. Sai gefen bakinta ya motsa. Ba ta kai ga magana ba aka yi sallama daga ƙofa.

"Ƙanina! Baro na zo ɗauka. Kuma albishir, ƙawar Hajiya na son aiki, amma ta rantse ba ta ba da ko sisi sai a hannunka."

Ya doshi baranda, ya tsaya cak. Barkono ya cika baron, kore shar, har ya fara fure. Baba ya ɗora sandarsa a kan hannun baron.

"Taɓa mini lambu ka gani."

"Kai ne mai ramin?" in ji Yaya.

"Ni ne, ranki ya daɗe, wato abin da ya faru..."

Ba ta saurare shi ba. Ta juya ta mayar wa Auta kuɗin.

"Riƙe, ma'aji. Kada ya ga ko ƙwandala sai Baba ya taka da sandarsa har gindin lemo."

Sai-Gobe ya kalli rana, ya kalli ramin, ya buɗe baki zai sa lokaci. Auta ya riga ya jawo bulo ya zauna.

"To da me zan kwashi yashi, tunda an yi gona a barona?"

Baba ya nuna bakin famfo da haɓa.

"Akwai bokiti."