Gyaran Jan Biro

Gurbi ɗaya tak aka ba makarantar a kwas ɗin kwamfutar kwantam, kuma Malamar Lissafi ta ƙwallafa rai a kansa. Sati uku tana zama a ɗakin malamai bayan an tashi, ita da wani littafin aro mai yagaggen bango, har ta kamo bakin zaren. Ranar da Farfesan kwas ɗin zai zo tantancewa ta yi sammako ta cika allo da bayani, sannan ta fita wanke hannu.

Kafin ta dawo shugaban makaranta ya shiga ajin. Jan Biro ake ce masa a bayan ido, don ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya gyara maka. Ta tarar da shi tare da Farfesa, wani dattijo mai sanyin murya, kuma lamba ta biyu da ta rubuta a allo ta canza.

"Malama, na rufa miki asiri," in ji Jan Biro. "Kin ce jimla ɗaya ce, kika rubuta 0.6 da 0.8. Ko ɗan aji biyu ya san wannan ya zarce ɗaya. Na mayar da takwas ɗin huɗu."

Ta dubi Farfesa. Ya gyaɗa mata kai. Sai ta juya ga shugaban.

"Ranka ya daɗe, kwamfutar ofishinka sifili ko ɗaya ta sani. Ita kuwa kubit, wato ƙwayar bayani ta kwamfutar kwantam, tana riƙe da su duka biyun, kowanne da lambarsa. Amma ba lambobin ake tarawa ba. Sai ka ninka kowace sau kanta, shi zai faɗa maka sau nawa cikin ɗari za ka samu sifili ko ɗaya idan ka auna."

"To, ninka mu gani."

"Shida sau shida, talatin da shida. Takwas sau takwas, sittin da huɗu. Ɗari cif."

"Nawa fa?"

"Huɗu sau huɗu sha shida ne. Hamsin da biyu ke nan."

Farfesa ya cire tabarau yana gogewa. "Shugaba, sauran arba'in da takwas ɗin fa? Ko suna ofis?"

Malaman da suka yi cirko-cirko a bakin taga suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Zuciyar Malama ta yi fari. Farfesa ya fito da fom, ya ce shi dai ya ga abin da ya zo gani, amma sunan wanda za a tura, shugaba ne ke rubutawa.

Jan Biro ya karɓa, ya daɗe yana kallon allon kamar mai duba lafiyarsa.

"Farfesa, kwas ɗin nan na koyo ne, ko?"

"Na koyo ne."

"Madalla. Malama, ke kin riga kin iya, kowa shaida ne. Ai ba a kai ruwa rijiya. Adalci shi ne a tura mai buƙata."

Ya zare biron daga aljihun gaba, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya sa hannu, ya gyara wani waƙafi a jikin fom ɗin.

"Ki riƙe min ajina kafin in dawo," ya ce mata a bakin ƙofa. "Littafin nan naki kuma, a aiko min da shi ofis."