Zuciyar Rago a Takardar Siminti

Lurwanu bai runtsa ba daren Talata, kuma ba zafin Illela ne ya hana shi ba. Zanen da ya yi wa ƴan aji uku na kolej ne ya tsaya masa a rai: zuciya mai ɗakuna huɗu, da kibiyoyi ja da shuɗi. Ya zana, ya bayyana, yara sun kwafa. Amma shi, mai digirin ilimin halittu daga jami'ar Yamai, bai taɓa ganin cikin zuciya da idonsa ba. Shekarar da ya kamata su yi fiɗa a ɗakin gwaji, yajin aiki ya cinye ta. To idan zanen ƙarya ne fa?

Zanen ma na aro ne, daga tsohon littafin Mushe Labo (Mushe ake ce wa malaman boko a nan), malamin kimiyyar da ya shekara goma sha tara yana yi wa yara shiftar "mun lura ruwan ya sake launi" a ajin da ko kofi babu. Lurwanu ya raina shi tun ranar farko. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da rana a aji ya ji muryarsa ta fito irin ta Labo sak.

Da safe ya shiga buro wurin darakta Takama, shugaban lakwal, wato makarantar, mutumin da rahotonsa zai yanke ko a ɗauke shi aiki bayan bautar ƙasa, ko ya koma gonar mahaifinsa a Alela da digiri a aljihu.

"Ranka shi daɗe, ina son in kawo zuciyar rago aji."

Takama ya sauke tabarau a hankali, kamar mai shirin yanke hukuncin kisa.

"Mushe Lurwanu, malami gwamnati ta aiko muna ko mahauci? Iyaye su ji ɗan limamin Alela na fiɗa gaban ɗiyansu? Ga allo, ga alli. Da su Labo ya fidda likitoci biyu."

Lurwanu ya tausaya wa marasa lafiyar likitocin nan, amma a zuci.

"Kada in ga jini cikin lakwal ɗina," in ji Takama. "Rahotonka ga shi nan, ban sa hannu ba tukuna."

Da aka tashi hutun ƙarfe goma, Lurwanu ya gangara rumfar mahauta. Rabo, dattijon da ke da teburin farko, ya hango shi ya washe baki.

"A'a, mushe da kanshi. Yau boko ya ji yunwa? Hanta ko tsoka?"

"Zuciya, baba. Amma ka buɗe mani ita tukuna."

Rabo ya tsaga ta da yanka ɗaya, ya cusa yatsa.

"Ga biyu bisa, ga biyu ƙasa. Wanga gefen shi ya fi kauri, sai mai haƙora. Zare-zaren nan su ka riƙe ƙofa. Wanga na kuka daɗe kuna karatu Yamai? Da nan ka zo, kafin azahar ka ƙare."

Lurwanu ya sunkuya ya duba. Ɗakunan huɗu ne, gaskiya. Sai dai bangon hagu ya ninka na dama kauri, alhali a zanen Labo duka biyun daidai suke, kuma haka shi ma ya zana jiya, da hannunsa mai digiri. Ya nemi wanda zai ɗora wa rainin duka, ya ga dole a raba da shi.

Ya karɓi wata zuciyar ɗungurungum, ya ari ƙaramar wuƙa. Rabo ya naɗe masa su a takardar siminti. Kafin ya kai ƙofar lakwal jini ya ɓullo ta gefen ƙunshin. Takama na tsaye bakin taga. Ya dubi takardar, ya dubi Lurwanu. Lurwanu ya gaishe shi da ladabi, ya wuce.

A aji ya shimfiɗa ƙunshin bisa tebur, ya naɗe hannun rigarsa.

"Ƴan layin farko," ya ce, "ku matso."