Kakar Tagwaye a Aljihuna

Wayoyi goma sha huɗu mutumin ya juye min a kan tebur, kamar mai juye dankali. Duk iri ɗaya ne, duk batiransu sun kumbura har murfin baya ya ɗage. A bayan kowace an manna 'yar takarda mai lamba.

"Na ma'aikatanmu ne," ya ce, tun ban tambaye shi ba. "Gobe da azahar zan zo in karɓa."

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran waya. Batir ba ya irin wannan kumburi sai a wayar da ke kwana ta wuni a jikin caji. Kuma wayar ɗan'adam ba ta rasa tabo, ko tsagewar gilashi, ko maiƙon hannu, ko hoton jariri a fuskarta. Waɗannan ko ƙwarzane babu. Na ce masa to, amma raina bai kwanta da shi ba.

* * *

Dama a kwanakin nan ba na yarda da kowa, kuma Inna ce dalili. Mahaifiyata tana da hawan jini, shekara shida tana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ni da kaina na saya mata babbar waya don ta rage kaɗaici, ashe jidali na sayo wa kaina. A can ta ci karo da shafin wani mai sayar da garin magani da ake kira Dokta Ganye.

Shi gogan wayo gare shi, bai taɓa cewa kowa ya bar maganin asibiti ba. Masoyansa ne ke faɗa a ƙarƙashin bidiyonsa. Na zauna na karanta rubuce-rubucensu kusan ɗari biyu, irin zaman da nake yi in ina neman inda waya ta ƙone. Duk tafiyarsu ɗaya. Sai sun fara tsorata ka da wata 'yar'uwa da ƙwayar asibiti ta lalata wa ƙoda, sannan su yabe ka, su ce mai hankali irinka ba ya bari a mai da shi saniyar tatsa. A ƙarshe kuma kaya sun kusa ƙarewa, a hanzarta. Dokta na saka bidiyo, kafin minti uku sun cika wurin. Na shiga shafukansu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda aka taɓa yi wa haihuwa ko rasuwa, ba wanda ya taɓa yin faɗa da kowa. Mutanen da ba su da wata rayuwa sai yabon mutum ɗaya.

A cikinsu akwai wata mai kiran kanta Kakar Tagwaye. Ita ce ta bi Inna har akwatin saƙo, kullum sai ta tambaye ta yadda ta tashi.

"Inna, matar nan kin taɓa jin muryarta?"

"Maƙogwaronta ke ciwo."

"Wata uku?"

"Kai dai ba ka da aiki sai zargi. Tun kana yaro haka kake, ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa ƙasan kofi."

"Ƙwayarki fa? Na ga kwalin bai ragu ba."

"Ina sha," ta ce, tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

* * *

Da la'asar na kai kan waya ta tara. Na sa mata sabon batir, ta kawo wuta, ba ta ma da makulli. Wallahi ba ɗabi'ata ba ce leƙen wayar mutane, amma saƙo ne ya faɗo a saman gilashi, da hoton mai turowa. Hoton Inna ne, ni na ɗauke shi a ƙofar ɗakinta.

"Ƙawata, yau shiru. Kwana goma sha biyu ke nan ban sha ta asibitin ba. Ƙeyata na sarawa, idona na ganin dishi-dishi. Ko shi ne fitar cutar da kika ce?"

Ashe Kakar Tagwaye ce a hannuna. Na kunna sauran wayoyin. Ga Tsohon Soja, ga Uwar Marayu, ga Malamar Asibiti Mai Ritaya, duk mutanen da na karanta, a jere a kan teburina, kowa da lambarsa a baya. Na ja ƙofar shago, na jefa ta taran a aljihu.

Na tarar da Inna a kan tabarma, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali. Na durƙusa na miƙa mata wayar.

"Ga ƙawarki. Wani ƙato mai gemu ne ya kawo ta gyara, ita da 'yan'uwanta goma sha uku."

Ta daɗe tana kallon saƙonta a cikin wayar wani. Na ga leɓenta na motsi, na ce a raina shi ke nan, ta gane. Sai ta ture hannuna.

"Kai da ke buɗe cikin waya, wane suna ne ba za ka iya sakawa ba? Dama ta gaya min. Ta ce na gida ne za su fara cewa ita ƙarya ce."

Har wannan ma sun riga ni. Na roƙe ta mu je asibiti, ta juya min baya. Na ɓallo ƙwayar na ajiye a gabanta, ta ce in kwashe gubata.

Na fito bakin ƙofa, raina a ɓace, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Na ciro wayar. Na karanta mutanen nan har na haddace tafiyarsu, don haka na bi ta sawu-sawu. Na rubuta wa Inna da sunan Kakar Tagwaye cewa wata 'yar'uwarmu ta faɗi jiya saboda ta saki ƙwayar gaba ɗaya. Na ce mace mai hankali irinta ba sai an faɗa mata sau biyu ba. Ta sha yanzu-yanzu, gobe da sassafe ta je a auna ta, kada ta bari rana ta yi. Na tura, ina jin ƙyamar kaina.

Ko minti biyu ba a yi ba na ji muryarta.

"Kana nan? Kawo min ruwa."

Na kawo. Ta ɗauki ƙwayar da ta kira guba, ta haɗiye, ta ce gobe in zo da wuri in raka ta asibiti. Gobe da azahar mai gemu zai karɓi kayansa, in ma na riƙe wannan, akwai goma sha uku.

Inna ta miƙo min kofin ba tare da ta dube ni ba. Wayarta take shafawa da babban yatsa, tana murmushi.

"Allah Ya yi mata albarka," ta ce. "Ita kaɗai ce ta damu da ni."