Jakar Tawadar da ta Fashe a Itoman

A zuriyar su Makato, mace ba ta haihuwa a ce an gama da ita sai ta sha romon tawadar ika, wannan halittar teku mai hannuwa barkatai da jakar baƙar tawada a cikinta. Tsofaffinsu sun ce shi ke wanke cikin maijego, kuma uwarta ce ke dafa mata na farko. Tun 'yarta Kiyomi na da ƙaramin ciki Makato ke shaida wa duk wanda ya tsaya saurarenta cewa ita za ta ɗora wannan tukunya.

Sai haihuwar ta zo daidai da guguwa. Masunta duk sun ɗaure jiragensu. Makato ta taso daga garinsu Nago, ta sauka a Itoman inda Kiyomi ke aure, ta zaga kasuwar kifi har ƙafarta ta yi ciwo, ko hannun ika ɗaya ba ta gani ba.

A gidan mijin Kiyomi kuwa akwai guda, fari ƙato, wanda uban mijin ya kamo kafin teku ya haukace. Gozei, uwar mijin, ta kwantar da shi a kan ƙanƙara a kicin.

"Yaya Makato, kin zo a daidai," in ji Gozei. "Idona ya fara cin amanata. Ki cire mini jakar tawadar, ni kuma in yanka ganyen nigana."

"In cire miki? Ai ni zan dafa."

Gozei ta yi 'yar dariya, tana wanke ganyen nan mai ɗaci. "Wallahi na ce da Kiyomi ga uwarki nan tafe. Ta ce ita dai irin nawa take marmari, wanda ta sha bara. Kin san maijego da rigima."

Daga ɗaki Kiyomi ta ɗaga murya, "Inna, ki sa nama da yawa!"

Makato ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ji Gozei ta riga ta. "To, uwar 'yan kwaɗayi, na ji!"

Ashe Innar ma yanzu an raba.

Makato ta juya ga aikinta. Ta kama kan ikan ta ja a hankali, kayan cikin suka biyo. Ga jakar nan kwance a jikin hanji, siririya, tana ƙyalli kamar azurfa, cike tam. Ba a yi mata gaggawa. Bakinta ake matsewa da yatsu biyu, a ɓamɓaro ta sannu sannu kamar mai cire matsarmamar kaza. Makato ta yi wannan aiki tun tana budurwa, kuma bai taɓa ɓaci a hannunta ba.

Ta dubi tukunyar Gozei tana tafasa. A zuciyarta ta hango 'yarta da baƙin leɓe da baƙin haƙori, tana dariya, tana yi wa wata godiya. Sai ta buɗe famfo, ta nutsa farcenta a tsakiyar jakar.

Tawadar ta yi tsartuwa, ta wanke mata hannuwa har wuyan hannu, ruwa ya kwashi sauran ya bi rariya.

"Af! Ta fashe," in ji Makato.

Gozei ta ajiye wuƙa. Ta dubi famfon da babu dalilin buɗe shi, ta dubi Makato, ta daɗe tana kallonta. Wanda ya girma a bakin teku ya san ba a kusantar jakar tawada da ruwa mai gudu. Daga nan ta rufe famfon, ta dangwali baƙin da ya rage a gefen kwano, ta shafe tafin hannunta ciki da baya.

Romon ya nuna fari fat, kamar na marar lafiya. Gozei ta kai ɗaki, Makato na biye da ita, hannuwa a baya.

Kiyomi ta leƙa kwanon, fuskarta ta canza. "Ina tawadar?"

"Ni na fasa, 'yata," in ji Gozei, ta nuna mata hannu. "Tsufa ne. Ki yafe wa tsohuwar banza."

"Haba Inna!" Kiyomi ta kwantar da jaririn, ta riƙe baƙin hannun nan da hannu biyu. "Don wannan za ki ɓata rai? Ko ruwan zafi kika ba ni zan sha."

Ta kurɓa, ta lumshe ido. Makato na tsaye a bakin ƙofa, babu wanda ya ce ta zauna. Da Gozei ta tona mata asiri, da ta san da wa za ta yi faɗa.

"Daga nan ma ina jin gishirin ya yi yawa," in ji Makato.

"A'a, daidai yake," Kiyomi ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta miƙa wa Gozei kwanon. "Inna, akwai ƙari?"