Ranar da Aka Rera Sunan Rumyana

Tun da mijinta Zdravko ya rasu, Rumyana ba ta ƙara buɗe baki da waƙa ba, ita da a da muryarta ce ke jan ayarin mawaƙan masana'antar tumatirin gwangwani. Masana'antar ta daɗe da rufewa, 'yarta tilo tana aikin jinya a Jamus, gidansu na hawa na biyar ya yi mata faɗi. Duk Asabar takan dafa alkama da sukari da kirfa, ta hau bas zuwa maƙabartar da ke bakin birnin Plovdiv, ta zuba ruwa a kabarin mijinta, ta raba wa masu wucewa alkamar don su yi masa addu'a.

A can wata mata ta same ta. Ba ta kai Rumyana shekaru ba, fuskarta a sake, ta yafa farin mayafin ulu. Ta karɓi alkamar, ta ci, amma ba ta wuce ba kamar sauran.

"Yaya, wannan hannun ya saba dafa wa wanda yake so," in ji ta. "Sunana Nevena. Zan iya zama?"

Ta zauna a gefen kabarin. Ba ta ce a yi haƙuri ba, ba ta ce kowa zai mutu ba. Tambaya kawai take yi, a hankali, sannan ta yi shiru ta saurara. Rumyana ta yi magana har inuwar bishiyoyi ta juya. Ta faɗi abin da ta faɗa wa mutane, ta faɗi wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har ta kasa tuna iyakar abin da ta faɗa. Da za su rabu, Nevena ta riƙe hannunta biyu.

"Muna ɗan taruwa mu yi waƙa, ni da 'yan uwa. Ba coci ba ce, ba ƙungiya ba ce. Ki zo ki ji sau ɗaya. In bai yi miki ba, shi ke nan."

Gergana, ƙanwar marigayin, wadda ke zaune a hawan da ke ƙasa da nata, tana gasa barkono a baranda lokacin da ta ji labarin.

"Matar yaya, ƙawa a maƙabarta? Masu rai sun ƙare a gari ne?"

"Ita ta saurare ni."

"Ni ba na sauraronki? Shekara nawa nake jin ƙorafin gwiwarki?"

"Ke katse mutum kike yi."

"To, je ki. In sun ba ki shayi, ki shinshina kafin ki sha."

Wurin taron yana bayan gari, a gefen wani tsauni. Tsohuwar ma'ajiyar ruwa ce ta dutse, a ƙarƙashin ƙasa, an daɗe da barinta. Nevena ta riƙe ta suka sauka ta matakala mai santsi. Ciki akwai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙen dutse. Daga wata kafa a rufin, hasken la'asar yana saukowa a miƙe kamar ginshiƙi, mutane kuma sun yi da'ira a cikin duhun da ke kewaye da shi. Duk wanda ta wuce sai ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Sannu da isowa, 'yar uwa. Mun daɗe muna jiranki."

Aka tsayar da ita a tsakiyar hasken. Maza suka fara, da wata murya can ƙasa wadda ba ta ji ta a kunne ba, a tafin ƙafa ta ji ta, ta hau ƙashinta. Mata suka ɗora tasu a kai, sauti biyu dab da juna har suna gogar juna suna rawa a iska. Bangon dutsen ya karɓa ya mayar, ya sake mayarwa, har ta kasa gane inda mutane suka tsaya da inda dutse ya fara. Can ta fahimci kalmar da suke rerawa. Sunanta ne. Ru-mya-na. Suna ja, suna juya shi, wannan gefe ya miƙa wa wancan, sunan ya tashi har rufi ya zubo mata a ka. Ta yi shekaru tana waƙa, ta tsaya a manyan zauruka, amma ba ta taɓa sanin muryar ɗan Adam tana iya yin haka ba. Ta tafi za ta faɗi. Hannaye suka tare ta kafin ta kai ƙasa.

Wani dattijo mai furfura ya fito daga da'irar. Bozhidar ne sunansa, amma kowa Jagora yake ce masa. Ya dube ta, ya daɗe.

"Kanari ta yi shiru tun da mai gidan ya tafi," in ji shi a hankali. "Lokaci ya yi da za ta sake yin kuka."

Kanarina: haka Zdravko yake kiran Rumyana, a cikin ɗaki kawai, ko 'yarsu ba ta sani ba. Ta fashe da kuka, sannan ta buɗe baki, muryar da ta kulle ta fito gaba ɗayanta.

Daga ranar ba ta ƙara yin kaɗaici ba. Suna kiran kansu Iyalin Murya Ɗaya. Da safe wani zai buga ƙofa da burodi mai zafi, da rana a kira ta a waya, da yamma a zo a ɗauke ta. Suka gyara mata famfon da ke ɗiga. Taron mako-mako ya koma na kullum. Sai aka fara yi mata bayani, da murmushi, cewa kunnen mai waƙa abu ne mai laushi, surutun mutanen waje yana dusashe shi. Aka ce ta rage rediyo. Aka ce waƙoƙin masana'anta na tsohuwar Rumyana ne. Da 'yarta ta bugo waya ta yi fushi, Nevena ta girgiza kai cikin tausayi.

"Haka suke yi, Yaya. Duk wanda ya saba ganinki a ƙasa ba ya son ganinki a tsaye."

Ranar da Gergana ta hau da farantin banitsa, wainar cukun da Rumyana take so, a bakin ƙofa Rumyana ta tare ta.

"Ina hutar da kunnena ne."

"Kunnenki? Allah ya ba kunnen lafiya! Matar yaya, ni ce fa, Gergana. Ni na riƙe miki mayafi ranar aurenki."

Rumyana ta rufe ƙofa. Ta ji farantin ya sauka a kan tabarmar bakin ƙofa, ta ji takun silifa yana sauka. Abin ya ɗan sosa mata rai, amma da yamma ta tsaya a da'ira aka rera, sai komai ya wanke.

Da bazara ta shigo, Jagora ya ce Rumyana ta kai, lokaci ya yi da ita ma za ta jawo wani cikin Iyalin. Ta yi murna ƙwarai. Wata Asabar Nevena ta ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba wajen Zdravko ba, ɓangaren sababbin kaburbura inda ƙasa ba ta gama kwanciya ba. Suka tsaya a bayan wata bishiya.

"Dubi waccan," in ji Nevena. "A'a, ba ita ba, ta zo da 'ya'ya. Masu rakiya ba namu ba ne tukuna. Waccan mai baƙin siket. Na ga ta sha zuwa, kullum ita kaɗai."

Matashiya ce, ta durƙusa tana jera furanni a cikin kwalba.

Nevena ta ci gaba: "Ki karɓi alkamarta, ki yaba. Ki nemi izinin zama. Kada ki ba ta haƙuri, kowa yana ba ta. Kada ki ambaci Jagora. Ki bar ta ta yi magana har ta gaji, a lokacin ne abu mai daraja yake fitowa. Ki tambaye ta me mijinta yake kiranta in suna su biyu. Ki riƙe shi da kyau, ki kawo mini, ni zan kai wa Jagora."

Rumyana ta juya ta dube ta.

"Ki kai masa?"

"To ta yaya zai buɗe mata zuciya?"

"Kanarin... ke kika faɗa masa?"

"Ke kika faɗa mini, Yaya, a bakin kabarin mijinki, kina kuka." Nevena ta yi murmushi, ba kunya, ba ɓoyo, idonta fes. "Ni ma haka aka yi mini da ɗana ya rasu. Ba ƙarya ba ce ai. Ƙofa ce. Ba ki samu sauƙi ba?"

Rumyana ba ta ji fushi ba a lokacin. Mamaki ne ya cika ta, irin na wanda ya juya rigar ado ya ga yadda zare ya bi ta ciki. Burodin safe, famfo, hannayen da suka san daidai lokacin da za ta faɗi, maganar kunne, ƙofar da ta rufe wa Gergana da hannunta: kowanne yana riƙe da na gaba, ba ɗaya da ya zo da kansa. An auna ta tun daga bayan wata bishiya. Abin da ya fi girgiza ta shi ne matar da ke tsaye a gefenta tana sonta da gaske, kuma da wannan son take aikin.

"Je ki," in ji Nevena. "Kada ta tashi."

Ta tafi. Matashiyar ta miƙo mata alkama a ƙaramin kofi, ta karɓa, ta ci. Sunanta Teodora, mijinta direban babbar mota ne, hatsari ya yi.

"'Yata," in ji Rumyana, "wa kike da shi?"

"Yayana, a ƙauye. Amma ba na son in dame su, Inna. Suna da nasu."

"Ki dame su. Yau ɗin nan. Kin ga matar can mai farin mayafi? Ita ta turo ni. An ce in saurare ki har ki faɗi abin da ke tsakaninki da mijinki, in kai wa wani mutum, shi kuma ya faɗa miki kamar daga sama ya samo. Za su rera sunanki a wani wuri, kuma wallahi ba ki taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Daga nan za su raba ki da yayanki."

Teodora ta buɗe baki tana kallonta.

"Inna, ke wace ce?"

"Wadda aka yi wa. Tashi, in raka ki tasha."

Suka fita ta ƙofar gabas. Rumyana ta jira har motar ƙauyen ta tashi, Teodora tana leƙowa ta taga da kwalbar furannin a hannunta, ta manta ba ta ajiye ta ba.

Ta zaci za su zo su yi mata faɗa. Ba wanda ya zo. Wayar ta yi shiru ranar, ta yi shiru gobe. A kasuwa ta yi kiciɓis da mutumin da ya gyara mata famfo, ta ce, "Ɗan uwa," ya wuce kamar ya wuce sandar fitila. Matan da suka sha rungumarta suka riƙa ɗauke kai kamar ba su gan ta ba. Fuskoki masu yawa haka, duk sun rufe a rana ɗaya, kamar yadda suke ɗauke murya tare in Jagora ya runtse hannu. Ko wannan sai da ya ba ta mamaki.

Ba ta yi ƙaryar cewa ba ta kewarsu ba. Duk la'asar jikinta yana neman sautin nan. Ta rubuta wa 'yarta komai, 'yar ta ce za ta zo hutun rani. Amma sauka hawa ɗaya ya fi mata wuya. Sai da ta yi mako tana shiri, sannan ta ƙwanƙwasa.

Gergana ta buɗe, hannunta duk gari.

"Ah! Kunnen ya warke?"

"Gergana..."

"Kada ki yi mini kuka a bakin ƙofa, maƙwabta su ce duka na yi miki. Shigo. Ki wanke hannu, ki riƙe mini wannan ƙullin, ya fi ƙarfina. Sannan ki faɗa mini komai tun daga farko."

"Za ki katse ni."

"Zan katse ki mana. Fara."