Gargaɗin da Ademir Ya Kawo Karo na Uku

A shekarar da mahaukaciyar guguwa ta fara leƙo gaɓarmu a kudancin Brazil, sau biyu ana cewa mu kwashe kaya mu hau tudu, sau biyun kuma iskar ta karkata ta mutu a tsakiyar teku. Ko kakanninmu ba su san irinta a wannan ruwa ba. Shi ya sa da Ademir, shugaban masuntanmu, ya zo da gargaɗi na uku, Dona Zenilda mai ɗinkin koma ta dube shi sheƙeƙe.

"Ademir, wa ya aiko ka? Tun da masu otal suka zo auna fili nake ganin ka da sabon takalmi."

"Haba Dona, a rediyo aka faɗa. Isarwa kawai nake yi."

"Rediyon ma ai mutum ne a ciki. Mu tashi, mu dawo mu tarar an kewaye wurin da waya, ko?"

Sai da jikarta ta yi kuka sannan ta yarda ta bi mu, tana tafe tana waiwaye.

Da hantsi iskar ta iso. Ta yaye rufin rumfar Zenilda, ta farfasa jirgin Ademir, wanda ya tsaya kwashe komar mutane ya bar jirgin nasa a ruwa.

Da muka sauko, Zenilda ta dafa masa kofi da hannunta. Amma har yau tana tambayar mu yadda aka yi mutanen birni suka san ranar daidai.