Malam To

Fitilun na'urar duka kore ne, babu ja ko ɗaya. Abin da ya fi ƙona wa Injiniya rai ke nan: a ɗakin sanyi da ake ajiye na'urorin gidan rediyon komai na aiki lafiya lau, amma muryar mahaifinsa ba ta nan.

Na'urori biyu ne ke riƙe da rumbun shirye-shiryen gidan. Babbar tana gabansa, ɗayar kuma tana wani gini a ƙarshen gari, tana zaman ko-ta-kwana. Duk abin da babbar ta yi, nan take ita ma za ta yi, ba tambaya ba musu, har ma'aikata suka laƙaba mata Malam To. Injiniya ne ya haɗa ta da hannunsa, kuma ba ya gajiya da yabonta. In gobara ta tashi, in ruwa ya ci ginin, Malam To zai karɓi aiki kafin mai karanta labarai ya gama gyaran murya. Ya san ya kamata a riƙa cire wani kwafin daban a kulle a durowa, ya ma sayo faifan. Yana nan cikin kwalinsa, a kansa ake ɗora butar shayi.

Mahaifinsa ya yi shekara da shekaru yana gabatar da shirin manoma a gidan kafin ya rasu. Lokacin da za a juye tsofaffin kaset-kaset cikin na'ura, da nasa Injiniya ya fara, don ƙauna, ya sa wa jakar da ya zuba su a cikin na'urar suna "Gwaji" da niyyar ya sauya daga baya. Da aka kammala, shi da bakinsa ya ce a zubar da kaset-kaset ɗin, wuri kawai suke ci.

Watan jiya rumbun ya cika. Mai tace shirye-shirye ya leƙo ta ƙofa ya tambaya ko ya goge Gwaji. Injiniya na riƙe da waya a kunne, ya ɗaga hannu ya ce, "To." Babbar ta goge. Inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha: Malam To ya goge shi ma, da ladabinsa. Sababbin shirye-shirye suka hau gurbin, ba wanda ya lura sai yau da Injiniya ya zo neman muryar mahaifinsa. Ya gwada duk dabarar da ya sani, har ya tafi wancan ginin da ƙafarsa, ko da yake ya san abin da zai tarar.

Da la'asar ya je gida. Inna, mahaifiyarsa, na zaune a kan tabarma tana ƙoƙarin zura zare a allura. Tun rasuwar take roƙonsa ya saka mata muryar a wayarta, shi kuma kullum amsarsa ɗaya: kada ta damu, a ajiye take, wuri biyu ma. Ya karɓi allurar ya zura mata, sannan ya faɗa mata abin da ya faru, kansa a ƙasa.

"Ba ka ce wuri biyu ba?"

"Biyu ne, Inna. Na'ura ta biyun duk abin da ta farkon ta yi, shi take yi."

Ta ɗan yi murmushi, ta ce ashe ba abokiyar shawara ya samo ba, 'yar rakiya ce. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi samun sauƙi. Ya lalubo abin da ya yi ta rarrashin kansa da shi a hanya, ya ce ai ita ba ta buƙatar na'ura, wanda ya zauna da mutum rabin rayuwa muryarsa na cikin kansa.

Inna ta ɗaure bakin zaren, ta gatsa shi da haƙori.

"Kalmomin ina da su," in ji ta. "Na san da 'Sannunku da rana, sannunku da ƙasa' yake buɗewa. Amma in na faɗa a raina yanzu, da muryata nake ji, ba da ta babanku ba. Shi ya sa na dame ka."

Ta miƙo masa wayar da ta ajiye a gefen tabarma tun safe, ta ce ya sa mata a caji.